Na Kai Mitar Baba Damagaram

Tun da aka share makokin mahaifina nake shan tambaya iri ɗaya, a masallaci, a firamaren da nake koyar da lissafi, har a kasuwar Bici ranar Juma'a. Wasu son labari ne kawai, suna so su ji yadda Damagaram take da abin da ake ci a can. Wasu kuwa tambayar tasu da ƙaya a ciki, ko ba su ƙarasa ba na san inda suka dosa: wane irin ɗa ne zai bar ubansa a kwance, ana tsaka da noman farko, ya ja tsohuwar mota ya tsallaka iyaka don gyaran mita? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu. Kuma Baba da bakinsa ya ce in an tambaye ni in faɗa, kada in rage komai da sunan rufa masa asiri. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Duk wanda ya san ƙauyenmu, tsakanin Bici da Shanono, ya san Alhaji Ado Direba da farar motarsa ƙirar Faransa, mai kujeru layi uku. Ita ke kai 'yan kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke dawo da gawa in an rasu a birni. Komai nata yana aiki daidai gwargwado, ban da mita. Shekara goma sha ɗaya allurar da ke nuna gudu tana kwance a kan sifili, lambobin da ke ƙirga nisan tafiya kuma suna tsaye cak a kan 183,406. Har 'ya'yana sun haddace lambar. In an tambayi Baba sai ya ce waya ce ta tsinke, kuma direban kirki da kunne yake tuƙi.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, wata rana bayan la'asar ya sa aka kira ni. Ni ne ɗan fari, don haka tsakanina da shi gaisuwa ce da aike, doguwar hira ba ta taɓa haɗa mu ba. Ya ce in saki labule in zauna kusa. Maganarsa ta yi nauyi, sai na kara kunne nake ji.

"Mitar motar nan," ya ce, "ni na sa aka juya ta baya."

Na sunkuyar da kai. Ya ba ni labarin a hankali, yana yi yana hutawa. A shekarar ya so ya sayar da motar ya sami wadda ta fi ta sabunta. Amininsa na ƙuruciya, Malam Garba Tela, ya ce yana so, har ya rabu da shanun nomansa biyu saboda ita. Sai Baba ya kai kaya Damagaram, a tasha aka nuna masa wani mai gyaran agogo, Malam Ilu, wanda ke iya rage wa mota shekaru. Ya biye wa zuciya aka yi. A hanyar dawowa, kusa da Kazaure, allurar ta yi rawa ta faɗi, lambobin suka tsaya. Ya ce ya fi awa a gefen titi yana kallonsu. Da ya iso gida sai ya ce wa Malam Garba ya fasa sayarwa, bai faɗi dalili ba.

"Nawa aka cire, Baba?"

"Na manta. Na yi ta neman in manta har Allah ya mantar da ni. Yanzu kuma ina nema na rasa."

Na ce ai ko a Kano za a samu wata mitar a sa. Ya girgiza kai. Wata mitar lambar wani ce, shi tasa yake so. Ya ce in ya mutu motar za ta shiga gado, wata rana mu sayar wa wani bawan Allah da wannan lambar, ƙaryarsa ta ci gaba da yawo a titi shi yana kabari.

"Ka tafi da Garba, ya san hanya. In an buɗe, ka faɗa masa komai, ka ce ina neman gafara. Bakina ya kasa tun yana da lafiya, balle yanzu."

Ban taɓa jin nauyin aike kamar wannan ba. Na ji tausayin Baba, na kuma ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha ɗaya yana da ƙafa da baki bai yi ba, sai ya ɗora wa ɗansa.

Muka tashi da sassafe ranar Talata. Baba Garba, yadda muke kiransa, gajeren tsoho ne mai yawan magana, tef ɗin awo a rataye a wuyansa ko masallaci za shi, allura da zare a soke a jikin hula. Ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, don kujerarsa ce. Duk Juma'ar duniya nan yake zama in za a kasuwa. Abin da aka gaya masa kawai shi ne Ado yana son a gyara mita kafin a raba shi da motar, bai kuwa tambayi komai ba.

Ni ba direba ba ne, mai mashin ne. Muna fita daga ƙauye na fara lalube, ban san ko gudu nake ko rarrafe ba.

"Saurari injin, Nasiru," in ji Baba Garba. "In ka ji ta fara gunaguni kamar tsohuwar da aka hana goro, to ka kai inda take so. Kada ka ƙara mata."

Muka yanke ta ƙauyuka muka faɗa titin Kazaure. Gero ya kai gwiwa, ko'ina mutane sun duƙufa da fartanya. Ina tuƙi ina satar kallon gefen titi, ina tunanin a gindin wace bishiya Baba ya tsaya. Sai na ji tsohon ya ce, yana kallon taga, "A nan wajen Ado ya ce wayar ta tsinke." Na ƙura wa titi ido. Na ce haka ne. Ya ɓara goro ya miƙo mini rabi, bai ƙara ba.

Kafin Daura tayar baya ta yi faci. An yi ruwa jiya, jak ya riƙa nutsewa cikin yashi ina ɗagawa yana komawa, har babbar rigata ta koma kalar ƙasa. Wasu manoma uku suka ajiye fartanyu suka zo, ɗaya ya kawo turmin da ya fashe aka kifa a ƙarƙashin jak. Da na yi godiya babbansu ya ce ba komai, ya leƙa cikin motar ya ce, "Irin wannan ba ta mutuwa, sai dai mai ita ya mutu ya bar ta." Ya faɗa ne don yabo, bai san inda maganar ta taɓa ni ba.

A iyakar Kwangwalam muka yi azahar. Akwai takardar da ake cike wa motar da za ta shiga, jami'in da ke cikewa kuwa mutum ne mai bin ƙa'ida dalla-dalla. Ya duba lambar injin, ya duba lambar bodi, sannan ya sunkuyo ta taga ya fara kwafe lambar mita. Na ga biro yana rubuta ƙaryar Baba a takardar hukuma, ga Baba Garba a gefena.

"Ranka ya daɗe, mitar ba ta aiki," na ce. "Ta daɗe a tsaye."

"Ni abin da idona ya gani nake rubutawa," ya ce, ya buga hatimi.

Aka sauke igiya muka wuce. Wayata ta ɗauke sabis tun ba mu yi nisa ba, na ji kamar an yanke ni daga gida.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Nijar faɗin ƙasa ne. A wajenmu gona na manne da gona, gida na kallon gida, ba za ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga wanda za ka ɗaga wa hannu ba. Can kuwa sai ka yi tafiya mai nisa ba gari, shukar gero a warwatse, tsakanin rami da rami mutum zai iya kwanciya. Baba Garba ya ce da a wajenmu ne wani ya bar wannan tazara, da an kai ƙararsa wajen mai unguwa don ɓarnar ƙasa.

Suna kuma da farare-fararen duwatsu a gefen titi masu jan kai, kowanne da lambar nisan da ya rage. Da tsohon ya lura da su sai ya ciro agogonsa ya zama mitarmu. In muka wuce dutse ya duba, in muka kai na gaba ya sake dubawa. "Minti ɗaya cif, sittin ke nan. Riƙe ta a haka." Wani lokaci dutsen ya faɗi ko yashi ya binne shi, sai lissafin ya rikice ya ce muna tafiyar jaki.

Bayan Matamaye jandarma ya tsayar da mu. Bai ɗaga murya ba, bai nemi komai ba sai ƙa'ida. Ya ga takardu, ya ga gwangwanin kashe wuta, sannan ya ce wanda ke gaba ya ɗaura bel. Bel ɗin wannan kujerar kuwa ya tsinke tun ina saurayi. Ya ce to, mota ba ta motsawa. Na fara haɗa kalmomin roƙo, Baba Garba ya ce in bari. Ya zare allura daga hula, ya ninka zare huɗu, ya zauna a bakin ƙofa ya ɗinke bel ɗin tsaf kamar yana haɗa wuyan riga. Jandarman ya ja da ƙarfinsa bai tsinke ba. Ya yi ɗan murmushi ya ce mu sauka lafiya.

Mun shiga Damagaram dab da magariba. Muka sauka a gidan tsohon mai masaukin Baba, muka tarar ya rasu bara, labarin bai iso mana ba. Matarsa, Hajiya Mariyama, ta sa aka share mana zaure. Da ta ji halin da Baba ke ciki sai ta ce, "Duk sa'o'in malam suna ta tafiya ɗaya-ɗaya." Aka kawo mana dambun zogale da ƙuli, mai yaji har ya sa ni hawaye, na kuwa ji daɗin samun abin ɗora wa hawayen. Da safe kuma dogon burodinsu, wanda ɓawonsa ya gagari haƙoran Baba Garba har sai da ya jiƙa shi. Shayinsu a ɗan mitsitsin kofi ake sha, zagaye uku, kuma ba a tashi bayan na farko. Ni da na saba da kurɓe babban kofi a tsaye in wuce makaranta, na miƙe da na shanye na farko, Hajiya ta aiko a tambaya ko an ɓata mini rai ne.

Da wayarta na kira gida. Ƙanwata ta ce tun tafiyarmu Baba bai ci komai ba sai ruwan kunu, kuma duk wanda ya shiga tambayarsa ɗaya ce: sun buɗe?

Malam Ilu ya daɗe da barin tasha. Sai da muka tambayi mutum biyar kafin muka same shi a wani lungu, zaune a zaurensa, agogunan bango sun kewaye shi kowanne da lokacinsa. Dogon tsoho ne, idonsa ya yi hazo, hannunsa na rawa. Muka gaisa irin gaisuwarsu mai tsawo, aka tambayi gajiya, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa. Baba Garba ya fita neman goro, na yi amfani da damar na faɗi abin da ya kawo ni. Na zaci zai musa ko ya kore ni.

"Ban tuna ubanka ba," ya ce. "Motocin da na taɓa suna da yawa, Allah ya yafe mini. Amma in ni na yi, mitar ta sani. Ciro ta."

Shi ya riƙa faɗa ni ina yi. Na kwance sukurori huɗu, na jawo fuskar mitar a hankali, na sa hannu ta baya na warware wayar da ta taso daga giyabos. A cikin bututun wayar akwai wata siririyar waya da ke juyawa in mota na tafiya, ita ke motsa allura, ita ke tura lambobi. Na zaro ta, ta fito guntu biyu. Ashe Baba bai yi ƙarya ba da ya ce waya ta tsinke, dalilin tsinkewar ne bai faɗa ba.

Na kai mitar zaure na ɗora a kan tabarma. Daidai nan Baba Garba ya dawo ya zauna. Malam Ilu ya ce in ɗaga murfin baya in karanta abin da ke ciki. Na ɗaga. A jikin ƙarfen, an karce da ƙusa, ga lamba: 312,870.

"Hannuna ne," in ji shi, da ya shafa da yatsa. "Duk wadda na juya sai na rubuta gaskiyarta a ciki. Ina gaya wa kaina ai ban shafe gaskiya ba, ajiye ta na yi. Shekara talatin ina wannan, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce a fito masa da ita. Ubanka ne na farko."

Lokacin ya zo ke nan. Na juya ga Baba Garba, na gyara zama na durƙusa sosai, na faɗi saƙon tun daga farko, ban tsallake shanun da ya sayar ba. Ina magana ina kallon tabarma. Da na kai wajen neman gafara sai da na faɗe ta sau biyu.

Baba Garba ya ɗauki murfin ya kai kusa da ido.

"Dubu ɗari uku da sha biyu," ya ce. "Haka na san ta."

Na ɗago kai.

"Nasiru, ni tela ne, da lamba nake cin abinci. Motar da zan saya, ka ce ban duba ba? Juma'ar da zai tafi na gani. Juma'ar da ya dawo na zauna a kujerata na sake gani. Tun kafin mu kai Bici na gane abin da ya faru."

"Baba Garba, ka sani duk shekarun nan?"

"Kowace Juma'a tana gabana. Shi ya sa nake kallon taga."

Na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce ranar ya kwana da baƙin ciki, har ya yi niyyar ya je ya zazzage wa Ado abin da ke cikinsa. Da gari ya waye sai ga Ado a ƙofar shagonsa, ya kasa haɗa ido da shi, yana cewa ya fasa. "Da na ga fuskarsa na san Allah ya riga ni yi masa magana. In na ce na sani, kunya ba za ta bar shi ya sake zama da ni ba. Mun yi kaciya tare, mun yi karatun allo tare. Sai na zaɓi in riƙe abokina in bar maganar." Ya share ido da bakin tef ɗinsa. "Na zaci na sauƙaƙa masa ne. Ashe kaya na bar masa a ka."

Malam Ilu ma hawaye yake. Mu uku muka zauna a zauren nan ba mai kallon wani.

Aikin kansa ya ci sauran yinin da safiyar gobe. A cikin mitar akwai wata 'yar giya ta roba, ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Malam Ilu ya ce lokacin da ya tilasta lambobin suka koma baya ne ta tsage, ta yi 'yar tafiya ta cije, da ta cije wayar ta murɗe ta tsinke. Sai mun samo giya da waya daga irin motar. A nan na ga amfanin zuwa Damagaram, don irin motocin da muka daɗe da sayar wa 'yan gwangwan suna nan birjik, masu rai da matattu. Sai dai mun isa wajen masu kayan da tsakar rana muka tarar kowa ya rufe ya tafi hutawa. A Kano wa zai rufe shago rana tsaka ga mai saye a tsaye? Na yi ta safa da marwa ina tuna Baba da ruwan kununsa, ba yadda na iya sai da aka yi la'asar.

Da safe na wanke komai da kananzir, na sa wa sabuwar wayar giris na zura ta a bututu, na dasa giyar a gurbinta. Hannun Malam Ilu ba ya iya riƙe ƙaramin abu, don haka ni na juya lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana gargaɗina kada in tilasta. Ya ce a kan 183,200 ya ajiye ta, don a kan cikakken ɗari yake ajiyewa kullum. Ta yi ɗari biyu da shida ta mutu ke nan. Na haɗa da lambar murfi, muka tsayar da ita a kan 313,076.

Saura shekara goma sha ɗaya da motar ta yi tana tafiya ba ƙirge. Malamin lissafin da ke cikina ya motsa. Na ce a ƙiyasta: kasuwar Bici duk mako, Shanono, Tofa, asibitin Kano, a ninka a ƙara. Har na ciro biro.

"A'a," in ji Malam Ilu. "Abin da na cire na mayar. Wancan kuwa ba ka sani ba, ban sani ba. In ka sa ƙiyasi a mita, mai saye zai ɗauka tabbas ne. Ka sake yin abin da muka yi ke nan, da kyakkyawar niyya."

"To yaya za a yi, Malam?"

Ya laluba cikin gwangwaninsa ya ciro ƙusa ya miƙo mini. "Ni a baya na riƙa rubutawa, inda ba mai gani. Kai rubuta a gaba."

A kan ƙarfen da ke ƙarƙashin gilashin mitar, inda duk wanda ya zauna zai gani, na karce da boko: Wannan mita ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta ƙirga ba. Baba Garba ya karɓi ƙusar ya rubuta haka da ajami a ƙasa. Muka mayar da komai muka ɗaure. Na tayar da mota muka zaga lungun, Malam Ilu a baya. Allurar ta yi ɗan tsalle, ta tashi, ta tsaya a kan ashirin ba rawa. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya ce in gaya wa Baba shi ma yana neman gafara, kuma ya gode da aka zo.

Dawowa ba mu tsaya ko'ina ba sai salla. A iyaka muka tarar da jami'in nan. Ya dubi takarda, ya sunkuyo ya dubi mita, ya sake duban takarda.

"Kwana uku," ya ce. "Ina kuka je haka?"

"Tsohuwar tafiya ce ta biyo mu ta tarar da mu," in ji Baba Garba.

Na nuna masa rubutun ƙusa, na ba shi labarin a taƙaice. Ya karanta a hankali, ya dube ni, ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya ce Allah ya ba mai ita lafiya.

Mun iso gida ana kiran isha, Baba yana barci, ba mu tashe shi ba. Da hantsi ni da ƙannena muka ɗauko shi muka zaunar a kujerar gaba, muka tokare shi da matashi, muka ɗaura masa bel ɗin da amininsa ya ɗinke. Ya rame ƙwarai a kwana ukun nan. Baba Garba ya shiga baya, daidai bayansa. Idon Baba ba ya ganin ƙananan lambobi, sai na kama hannunsa mai lafiya na ɗora a kan rubutun, na karanta masa, na isar da saƙon Malam Ilu. Ya gyaɗa kai. Sannan ya dube ni da tambayar da ya kasa yi. Kafin in buɗe baki Baba Garba ya matso ya ɗora haɓa a kan kujerar.

"Ado, ta koma inda na san ta."

Baba ya juyar da kai wajensa.

"Ka sani, Garba?"

"Tun Juma'ar da ka dawo."

"Ka yi shiru."

"Kai ma ka yi shiru."

"Ka yafe mini."

"Na yafe tun a ƙofar shago. Ni za ka yafe wa, da na bar ka da ita kai kaɗai."

Baba ya ɗaga hannunsa ta kan kafaɗa, Baba Garba ya kama. Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba sai ranar. Na tayar da mota don in sami abin yi da idona. Muka bi hanyar gona a hankali, mutane suna ɗagowa daga noma suna ɗaga mana hannu. Baba ya ce in gaya masa in lamba ta juya. Muka wuce rijiya, muka wuce gonar liman, daidai kukar da ke bakin gonarmu lambar ƙarshe ta mirgina.

"Ta juya, Baba."

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Mu koma. A dama mini fura."

Ya sha furar, ya kuma ci tuwo da dare. Kwana shida bayan nan Allah ya karɓi abinsa, ranar Alhamis da hantsi, Baba Garba na zaune a gefensa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Wannan ita ce tafiyar da na yi, masu tambaya. Motar tana hannuna kafin a gama maganar gado, kuma duk wanda zai saye ta zai karanta rubutun kafin ya karanta lamba. Juma'ar da ta wuce na ɗauki 'yan kasuwa zuwa Bici. Baba Garba ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kamar kullum, ya ja bel ya ɗaura. Tun daga ƙauye har kasuwa bai kalli taga ba ko sau ɗaya.